Jirgi ya tashi ya bar ni a Italiya, Alhaji yana sama yana kallo

Anti,

Na daɗe ina karanta wannan fili, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo nawa kukan ba. Wata takwas ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini maƙoshi.

Babban ɗanmu da ke aiki a Ingila ne ya biya mana tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, irin manyan nan masu kama da unguwa guda, kwana bakwai a Bahar Rum, saboda mun cika shekara 27 da aure. Muka tafi ni da Alhaji da ’yarmu ta biyu da auta. Mun shiga a Basalona a watan Yuli, komai lafiya lau. Ranar da muka isa tashar da ake sauka a je birnin Rum, Alhaji ya ce gwiwarsa ta motsa, mu je ni da yarinyar. Motar da jirgin ya tanada kuɗinta ya yi yawa, ni kuwa ba na son a ɗora wa yaro nauyi, sai muka bi wasu mutane muka hau jirgin ƙasa.

Wallahi Anti ba mu yi wani daɗewa ba. Mun ga abin da za mu gani, na ɗan tsaya na sayi jaka da tsarabar mutanen gida, muka juyo. Muna isowa bakin ruwa ga jirgin nan ina ganinsa da idona, da za a jefa dutse sai ya same shi, amma an janye gadar. Na ɗaga hannu, na yi ta kira, yarinya ta fashe da kuka. Mutane sun jeru a sama suna leƙen mu, wasu har da ɗauka a waya. Alhaji yana cikinsu. Na gan shi sarai, da farar hularsa.

Ba tafiyar jirgin ce ta fi ci mini rai ba. Wani Bature ne ya zo ya miƙo mini ambulan, na buɗe, fasfona ne da na yarinyar da ’yan kuɗi. Wato tun kafin mu iso Alhaji ya riga ya buɗe akwatin ajiya, ya ciro fasfona da hannunsa ya ba su. Ya gama yanke shawarar tafiya ba ni. Mutumin da na yi jinyarsa wata uku ina kwana a kan tabarma a asibiti, shi ne ya kasa saukowa ya jira ni.

Muka kwana a wani ɗan otal, washegari muka bi jirgin ƙasa muka same su a Nafoli. Ina shiga ɗaki abin da ya fara ce mini shi ne, “Kun iso?” Da muka dawo gida kuma abin ya zama labarin ban dariya. Duk baƙon da ya zo sai ya ba shi, har da kwaikwayon yadda nake ɗaga hannu. Ƙannensa yanzu in na makara wurin biki sai su ce a jira Hajiya kada jirgi ya tashi.

Yanzu yaron ya sake biyan wata tafiyar, ta Girka da Turkiyya. Ni dai na ce ba za ni ba. Wata ƙawata ta ce in kai ƙarar ejan da ya yanka mana tikiti, tunda bai gaya mana jirgi na iya barin mutum ba. Wata ta ce in tafi gidanmu kwana biyu ya gane kurensa. Yaya zan yi? Kuma tsakani da Allah, mijin kirki zai miƙa fasfon matarsa ya tsaya yana kallo?

Taki,
Hajiya mai takaici, daga Kano

Hajiya,

Sannu da wannan tashin hankali. Tsayuwa a bakin ruwa a ƙasar da ba kya jin yarensu, ga budurwar ’ya tana kuka, ba abin dariya ba ne, kuma zan zo kan masu dariyar. Amma na karanta wasiƙarki sau uku ina neman abu guda ban same shi ba: ƙarfe nawa? Kin gaya mini launin hular Alhaji, ba ki gaya mini ƙarfe nawa aka ce kowa ya dawo ba, balle ƙarfe nawa kuka iso. “Ba mu yi wani daɗewa ba” ba lokaci ba ne. Da wannan magana muke wahalar da juna a ƙasar nan tun daga ɗaurin aure har ganin likita, ke kuma kika ɗauke ta a jaka kika kai ta ƙasar da ba a san ta ba.

Kowace tasha lokaci biyu gare ta, na tashin jirgi da na dawowar fasinja, kuma na biyun ne naki. Yawanci rabin awa ne tsakaninsu. Ana rubuta shi a allo a bakin gadar da kika sauka ta kanta, yana kuma cikin takardar shirin rana da ake kai wa kowane ɗaki da dare, wadda na san an yi ta ɗora kofin shayi a kanta. Jirgin da ke ɗauke da mutum dubu huɗu ko biyar ba motar Alhaji ba ce da za a ce direba ya dakata. An ware masa lokacin barin wurin, ma’aikacin tasha mai fitar da shi yana jira, wani jirgin na neman gurbin, kuma duk mintin da ya ɓata sai ya ƙona mai ya cike shi cikin dare. Mutum ɗaya kawai yake jira: wanda ya fita a motar da shi jirgin ya shirya. Tsadar da kika guje wa, wannan alkawarin ake saya da ita.

Ina kuma zargin agogon hannunki. A watan Yuli Italiya na gaban Kano da awa ɗaya. Matanmu da yawa agogon gwal ado ne, ba a taɓa shi daga Kano har a dawo. In da shi kika yi lissafi, kin tafi da bashin awa guda tun kafin ki taka ƙasa.

Sannan birnin Rum ba a bakin teku yake ba. Tashar da kika kasa kiran sunanta, Cibitabekiya, tana da nisan kilomita kusan 80 daga birnin, kamar a ce Kaduna zuwa Zariya. Jirgin ƙasa na ɗaukar awa ɗaya da ’yan kai, daga tasharsa kuma ba ki iso ba, sai kin kai ƙofar tashar ruwa, ki jira bas ɗin da ke shiga ciki, ki bi layin bincike. Duk wanda bai baro Rum da awa uku a hannu ba, caca yake yi. Ga shi ma’aikatan jirgin ƙasan Italiya ba sa jin kunyar yajin aiki. Nafoli da kika same su daban ce, a can jirgi a tsakiyar gari yake tsayawa, ki sauko ki taka da ƙafa ki ci fizarki ki dawo. Haka Baleta ta Malta. Tashoshin Bahar Rum ba ɗaya ba ne, kuma ba ranar sauka ake tambayar wace iri ce ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ambulan. Hajiya, abin da kika riƙe a matsayin wuƙar da ya daɓa miki, shi ne alheri mafi girma da aka yi miki a ranar. Ka’idar jiragen ce in fasinja bai dawo ba a nemo fasfonsa a miƙa wa wakilin kamfanin da ke tashar, wato Baturen nan naki. Da Alhaji ya ƙi buɗe akwatin, da su sun buɗe. Ba don wannan ambulan ba da ko ɗakin kwana ba ki samu ba, don dokar Italiya ta tilasta wa otal ya rubuta takardar shaidar duk wanda ya kwana ya aika wa ’yan sanda. Ki kuma tuna wane teku ne wannan. Shi ne dai wanda yaranmu ke ratsawa a kwale-kwale daga Libiya su faɗa Lampedusa ba takarda. Ɗan sandan da ya tare baƙar mace ba fasfo a tashar ruwa da dare ba zai duba tsadar leshinta ba. Kin kuma ce da ’yan kuɗi a ciki. Kamfani ba ya saka wa kowa kuɗi a ambulan. Wannan hannun mai farar hula ne.

Me ya hana shi saukowa? Kin ambaci auta sau ɗaya kin wuce. Ya sauko da yaro da gwiwa mai ciwo, ya bar kayanku da magungunansa su tafi Nafoli, ku zama mutum huɗu a bakin titi maimakon biyu? Wataƙila da ya yi hakan da zuciyarki ta fi sanyi, ban musa ba. Amma tambayar da ta fi damuna ba wannan ba ce. Me fasfonki yake yi a akwatin Alhaji alhali ke kina nisan kilomita 80? Mace mai ɗa a Ingila, mai shekara 27 a ɗakin miji, ta shiga baƙon birni ba fasfo, ba lambar wakilin jirgi, ta bi “wasu mutane” da ko sunansu ba ta sani ba. Na sha faɗa a filin nan, kuma ba zan gaji ba: daga aikin hajji har zuwa asibitin Masar, mun saba a riƙe mana takarda, a riƙe mana kuɗi, a riƙe mana lokaci, mu dai mu riƙe mayafi. Ranar da mai riƙewar ya kwanta da ciwon gwiwa sai a ga kamar an saki makaho a kasuwa.

Maganar ƙara da ta yaji ba zan ɓata musu tawada ba. Girka za ki je.

Kafin nan ki duba bizarki da idonki. In jirgin zai fita ƙasashen Shengen ya shiga Turkiyya ya sake dawowa Girka, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai shiga da fita, kuma Turkiyya da tata dokar daban ga mai koren fasfo. A sa kamfanin jirgin ya ba ku amsa a rubuce tun yanzu, don a bakin gada ake mayar da mutane da akwatunansu. Ki sayi lalita, irin wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin riga, fasfo da katin banki da yuro kaɗan su zauna ciki. In jirgin ya karɓi fasfon fasinjoji ya ajiye, kamar yadda wasu ke yi a irin wannan hanya, ki riƙe kwafinsa da katin ɗakinki. Kowace safiya ki ɗauki hoton allon nan na bakin gada da shafin da ke da lambar wakili. Girka da Turkiyya a lokacin zafi suna gaban Kano da awa biyu, kuma waya takan yi tsalle tsakanin lokuta a teku, saboda haka ki saita agogon hannunki da na jirgi, ki daina kallon na waya.

Atina ba ta da wahala, daga tashar Firayus jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ki tsakiyar gari cikin ƙasa da rabin awa. Ki dai hau dutsen Akrofolis da sassafe da tikitin da aka saya tun da wuri, don in zafi ya tsananta sukan rufe shi da tsakar rana. Naman da za ki ga yana juyawa a ƙarfe kamar shawarma, ki tambaya kafin ki miƙa hannu, a Girka yawancinsa alade ne.

Inda nake jin tsoronki Santorini ne. Can jirgi ba ya matsowa gaɓa, a tsakiyar ruwa yake tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane. Garin kuma a kan tsauni yake. Ko ki hau keken igiya mai ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan, ko ki taka matakala kusan 600 tare da jakuna da kashinsu. Da safe abin daɗi. Da yamma, in jirage uku ko huɗu suka haɗu, kowa yana son saukowa lokaci guda, layin keken sai ya miƙe ya bi lungu ya lanƙwasa. Na taɓa tsayawa cikinsa fiye da awa ɗaya, ina kallon jirginmu can ƙasa kamar kwanon sha, wata tsohuwar Baturiya a gabana ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta bi matakalar da gudu. Lokacin da za a rubuta miki a ranar na ƙaramin jirgi na ƙarshe ne. Ki cire awa biyu daga ciki, a nan yawonki ya ƙare, ko an yi gwanjon jakunkuna.

Shi kuwa Alhaji, miƙa masa jaridar ya karanta wannan da kansa. Alhaji, ka yi daidai a kan fasfo, ka yi kuskure a falo. Matar da ta kwana a tsorace da ’yarka a baƙuwar ƙasa sannu take bi, ba “kun iso” ba, kuma bashin nan yana nan wata takwas bai biyu ba. Labarin ya ishe ka haka. Ka kuma ja wa ƙannenka kunne, don daga bakinka suka ɗauka. A Santorini kuma, gwiwa ko ba gwiwa, ka sauka tare da ita, akwai wurin zama a inuwa a bakin ruwa, ka sha shayi ka jira ta a can.