Daga tasha zuwa motar haya da ɗan yaye a hannu

Sana'ata tuƙin motar haya ce a Parakou. A unguwar Ganou nake ajiye mota, kuma yawancin waɗanda nake ɗauka baƙi ne da suka sauko daga Kwatano za su wuce Djougou, ko Nikki, ko Kandi da Malanville. Maganata ta yau da iyaye ce masu tafiya da ƙananan yara, musamman ɗan yaye da mai tatata, wanda ƙafarsa ta iya gudu amma bai san mene ne mota ba. A duk tsawon tafiyar, inda na fi jin tsoro a kansa shi ne ɗan taƙin da ke tsakanin inda aka sauka da inda motar haya take jira. Kilomita biyu ne ko uku, wani lokaci ma bai kai ba, kuma nan ne ake sakin jiki.

Uwa ta taso da asuba daga Kwatano, bas ta ratsa Bohicon da Dassa da Savè da Tchaourou, sama da kilomita 400, yaro yana cinya tun safe. Ana isowa da la'asar kowa ya galabaita. Maigida yana wajen but yana ƙirga kaya, waya tana ƙara, masu zem, wato masu babur ɗin haya, sun yi cincirindo a bakin ƙofa. Zuciya ta riga ta ce an iso, alhali da sauran tafiya.

Parakou dama garin sauya abin hawa ne. Layin dogo mai tsawon kilomita 438 da ya taso daga Kwatano ya iso nan a 1936, a nan kuma ya tsaya. Ko hukumar haɗin gwiwa da ƙasarmu ta kafa da Nijar a 1959, wadda daga baya aka sani da OCBN, ba ta kai shi Dosso ko Yamai ba, sai dai a sauke kaya daga jirgi a loda wa manyan motoci. Jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa, yanzu bas ake hawa, kowane kamfani da harabarsa a wani gefen gari, amma tireloli da motocin auduga suna nan suna ratsa mu. Wanda ya hau jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya san irin wannan sa'ar idan ya sauka Rigasa: jirgi ya gama nasa, saura kai da kayanka da ɗanka da titi.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda ya kira ni shi ne kada ya zo wurina, ni zan zo wurinsa. A nan yawanci da direba ake ba da hayar mota, don haka babu dalilin ɗora yaro a babur a kai shi ofis. In akwai takardar da za a sa wa hannu, a harabar tasha ma ana iya sawa. In kuwa dole sai an je, maigida ya je shi kaɗai, uwa da yaro su zauna a ɗakin jira har mota ta iso. Ku buga waya da zarar bas ta bar Tchaourou, direba zai riga ku isa. Ɗan abin da zai ƙara na mai bai taka kara ya karya ba.

Masu zem maƙwabtana ne, da wasunsu muke sallah sahu ɗaya, kuma ba don su ba da garin nan bai motsa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, babu wurin zaman ɗan shekara biyu a kan babur. In aka zaunar da shi a kan tanki aka ce ya riƙe kan babur, shi ne na farkon da zai daki duk abin da aka ci karo da shi. Ga kuma abin da mutane ba sa lura da shi: yaron da ya wuni a bas, da iska ta fara kaɗa shi barci yake yi, hannu ya saki, kai ya langaɓe. In aka matse shi tsakanin mai zem da uwa, ƙafafunsa ne suke reto, ɗaya kusa da salansa mai zafi, ɗaya kusa da wayoyin tayar baya. Na ga ƙuna a sha-raɓar yara, na ga dunduniyar da taya ta ci, a tafiyar da ba a ma faɗi ba. Sai kuma a ɗora akwati a gaban mai zem har ya kasa juya kan babur yadda ya kamata.

Tun watan Maris na 2024 'yan sanda suka matsa kan hular kwano, ga mai tuƙi da fasinja duka, kuma abu ne mai kyau. Sai dai hular babba ba ta zama a kan yaro. Tana rufe masa ido, wuyansa ba ya iya ɗaukar nauyinta, in aka faɗi kuma ita ce za ta fara tashi.

Na san akwai ranar da babu mota, dare ya yi, zem ɗin ne kawai. To, a goya yaro da zane a ƙara majanyi a ɗaure tamau, a tura ƙafafunsa cikin zanen, uwa ta sa hula ta zauna ƙafa ɗaya kowane gefe, hannayenta biyu babu komai. Kaya su hau wani babur daban. Kuma a buɗe baki a ce, "Ɗan'uwa, da yaro nake, tafi a hankali, zan ƙara maka." Ban taɓa ganin mai zem da ya ƙi jin wannan ba.

Ita kanta harabar tasha wurin hattara ce. Bas tana ja da baya, kuma daga kujerar direba, duk abin da bai kai mita guda ba a bayan mota ko a ƙarƙashin hancin tirela ba a ganinsa. Mu da muke zaune a kujerar mun sani. Kafin a sauka a ayyana mutum ɗaya wanda aikinsa yaro ne kawai, ba ya ɗaukar jaka, ba ya amsa waya. Yawancin ɓacewar yaro a tasha tana faruwa ne lokacin da uba yake zaton yana wajen uwa, uwa tana zaton yana wajen yayarsa. A ɗauke shi ya fi. In zai taka, a riƙe shi a tsintsiyar hannu, don tafin hannun yaro yana zamewa.

Sai cikin mota, inda muke yawan ja-in-ja da fasinja. Nakan ce, "Hajiya, don Allah ki koma baya da shi." Takan ce, "Malam direba, ai na rungume shi, Allah zai kiyaye." Amin, Allah ya kiyaye, amma malamanmu sun koya mana tawakkali da riƙon sababi tare suke tafiya. Motar da take gudun kilomita 50 a awa, in ta daki abu ta tsaya cak, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Babu hannun da zai iya riƙe yaro a wannan ƙiftawar, komai son da ake masa. In kuma uwa ta zagaya bel ɗaya da ita da shi, nauyinta ne zai danne shi. Jakar iskar da take fashewa daga gaban kujera don ƙirjin babba aka yi ta, tana iya kashe ƙaramin yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, ta kuma ce kujerar yara ta mota tana rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Kujerar nan ba ta da yawa a wajen masu haya a garinmu, kuma dalilin da abokan sana'ata suke bayarwa shi ne ba wanda yake tambaya. To ku riƙa tambaya tun a waya, ku faɗi shekarun yaro da nauyinsa. Ana samun na gwanjo da suke shigowa ta tashar ruwan Kwatano. A duba tambari mai ruwan lemo da harafin E a jikinta, a duba kada robar ta tsage ko igiyoyin su zaizaye. Ƙa'idar Turai ta R129 ta ce yaro ya fuskanci baya har ya kai wata 15 aƙalla, domin kansa yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. A kujerar baya ake ɗaure ta, kuma in ka girgiza ta ka ji tana rawa, ba ta ɗauru ba. In babu kujera sam, yaro ya zauna a baya tare da babban da ya ɗaura nasa bel, direba kuma ya rage gudu sosai, ya san abin da ya ɗauko.

Ƙofofin baya suna da wani ɗan maɓalli a gefe wanda yake hana buɗewa daga ciki, ku ce direba ya kunna. Kada kuma a bar yaro a mota a rufe don za a shiga kasuwar Arzèkè sayen tsaraba, ko da yana barci. A zafin Maris da Afrilu mintoci kaɗan sun isa su galabaitar da shi.

In tsautsayi ya faɗa, yaro ya faɗo ya bugu a kai, kada a ce tunda ya yi shiru bari a kama hanya. Zuwa Djougou kimanin kilomita 135 ne, kuma jinin da yake taruwa a cikin kai ba lalle ya nuna nan take ba. Babban asibitin CHUD na Borgou yana nan cikin Parakou, a fara kai shi can. Amai, ko barcin da aka kasa tashinsa, ko jijjiga, ko ruwa da jini daga kunne ko hanci, duk alamu ne na gaggawa. In ba ya motsi kada a ɗaga shi a girgiza, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118.