Ƙazuwar Kare: A Duba Kafin A Shafa Baƙin Mai

Jama'a, duk wanda ya zaga ƙauyukan Gwarzo da Kabo da rani, bayan an kawar da amfanin gona mafarauta sun fara fita, ba zai rasa ganin karen da gashinsa ya zube ba, fata ta yi kauri ta yi baƙi, yana tafe yana susa. Daga Getso har Garo maganin da aka fi yi masa ɗaya ne: a samo baƙin mai wurin bakanike a lafta masa. To, wannan takarda ta zo ta ce a dakata. Kare dai dabba ce da addini ya yarda a ajiye don farauta da tsaron gona da na garke, kuma wanda ya ajiye shi ya ɗauki haƙƙinsa.

Ku sani zubewar gashi alama ce, cututtukan da ke kawo ta kuwa sun bambanta. Abu biyu za ka duba: ina gashin ya fara zuba, kuma karen yana susa ko ba ya yi?

In ya fara daga gefen kunnuwa da gwiwoyi da ciki, kare ya hana kansa barci don ƙaiƙayi, wannan ita ce ƙazuwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, macen takan haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai, cikin kamar mako 3 'ya'yan sun girma sun kama nasu aikin. Gwada murza gefen kunnen karen; in ya ɗaga ƙafar baya yana susar iska, galibi ita ce. Tana yaɗuwa ƙwarai. Karnukan farauta da ake cusawa mota ɗaya, ko su kwana wuri ɗaya a daji, guda ya ishi sauran. Tana taɓa mutum ma, ƙuraje su feso masa a hannu da ciki, ko da yake ba ta daɗewa a jikinmu.

Akwai wata da ta fi kama kwikwiyo: gashi ya zube a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, amma susa kaɗan. Ƙwaronta a gindin gashi yake zaune, daga uwa ake samunsa wajen shan nono, kuma ba ya tasiri sai jiki ya yi rauni saboda yunwa ko tsutsar ciki. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da ruwan wanke-wanke, me zai hana? In kuwa tabon zagaye ne kamar kwabo, yana fitar da gari, makero ne, irin wanda ke cin kan yara, sai a raba su da karen. Susa a gindin wutsiya aikin ƙuma ce. Kaska kuma a cikin kunne da tsakanin yatsu take maƙalewa. Da damina a kan ga kumburi mai ɗan rami a tsakiya. Tsutsar wani ƙuda ce da ke yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa. A toshe ramin da man basilin, ta leƙo, a matse ta.

Yanzu ga batun baƙin mai. Kare yana lasar jikinsa, saboda haka abin da ka shafa masa cikinsa zai tafi, ya kuma ƙone fatar da dama ta sha wuya. Haka kananzir. Fiya-fiya da maganin feshin gona kuwa kisa suke yi: kare ya kama dalalar da yawu yana karkarwa, sai a ce ya haukace, a bi shi da sanda.

Hanyar da ta dace ita ce a kai shi wurin ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. In da hali zai kankaro fatar ya duba a madubin likita. In abin ya gagara, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙazuwa tana jin allurar ivermectin, wadda makiyaya suka sani sarai, amma a nan ake yin ɓarna: da nauyin dabba ake auna ta. Karen da ya kai kilo 15, rabonsa bai kai mililita 1 ba, wanda ya yi masa awon saniya ya kashe shi. Ba a yi wa ɗan jaririn kwikwiyo. Kuma allura ɗaya ba ta isa, domin ba ta kashe ƙwai. Sai an maimaita bayan mako 2, sau biyu ko uku. Makero shi ba ya jin wannan allura ko kaɗan, maganinsa daban.

A yi wa dukan karnukan gidan magani rana ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba. A ƙone tsumma ko buhun da suke kwanciya a kai, a share wurin. Wanda ya taɓa kare ya wanke hannu da sabulu. Tun da an riga an je wurin ma'aikacin, a roƙe shi ya haɗa da rigakafin haukan kare, wanda ake yi shekara-shekara. Gashi kuwa ba ya dawowa da wuri; susa ce ke fara raguwa, sai bayan wata ɗaya ko biyu a ga sabon gashi ya tsiro.