Rubutu da haske cikin duhu

Karatu

Yara, wa a cikinku bai taɓa ɗaukar bakin wuta da dare ya juya shi da sauri ba? Idan ka juya shi, sai ka ga jan zobe cikin iska. Da ka tsaya, zoben ya ɓace. To, akwai dabarar da za a kama zoben nan a ajiye? Akwai. Ga labarin wata yarinya ƴar aji biyar da ta gwada.

Uban yarinyar ya tafi cin rani Abijan tun bayan kaka. Wata rana kawunta ya zo musu daga Maraɗi. Mai ɗaukar hoto ne, yana yawo da kyamararsa wurin biki da suna. Kwana biyu kaɗai zai yi.

Da dare bayan an ci tuwo, ya ga yara suna wasa da bakin wuta kusa da danga.

– Ku aje wutar nan, kada ku ƙona mana gida! Ɗiyata, kawo tocila in nuna miki abin da ya fi wannan. Yau za ki yi rubutu cikin iska, ni kuma in kama shi.

– Kawu, ina so in rubuta BABA, mu aika masa.

Daren babu farin wata. Aka kashe fitilar tsakar gida. Kawu ya miƙa wa yayan yarinyar kyamara. Ita kuma ta tsaya gabansa da tocila, tana rubutu. Yaya ya danna. Suka ruga su gani. Babu kome sai ɗigo ɗaya fari.

– Ƙofar kyamara ta buɗe ta rufe nan da nan, in ji Kawu. Bari in sa ta zauna a buɗe har sakan 15.

Suka sake. Wannan karo layuka sun fito, amma a karkace, kamar tonon kaza. Hannun Yaya ne ya yi rawa. Sai Kawu ya kifa turmi, ya ɗora kyamarar a bisa.

Gwaji na uku ya fito ras. Amma haruffan sun manne da juna, kuma B ta juya baya. Yaya ya fashe da dariya. Yarinyar ta cika da hawaye.

– Kawu, na ɓata.

– Ba ki ɓata ba, ɗiyata. Kina fuskantar kyamara ne. Damarki ita ce hagunta. Je ki kwanta, gobe ki yi tunani.

Washegari ta rubuta BABA da manyan haruffa a takarda. Ta juya takardar, ta ɗaga ta wajen rana. Sai ta ga haruffan ta baya. Ta yini tana koyon su da tsinke a ƙasa, daga dama zuwa hagu kamar rubutun ajami.

Da dare ta sa zane mai duhu. Ta rubuta harafi na farko, ta rufe bakin tocila da tafin hannu, ta matsa gefe, ta buɗe, ta rubuta na biyu. Haka har na huɗu. Suka duba. Ga BABA nan fari fat cikin duhu!

– To, ni ina nake, Kawu? Ba a gan ni ba.

– Haske bai taɓa ki ba, kuma ba ki tsaya wuri ɗaya ba. Mu sake. In kin gama, ki tsaya cik.

Da ta gama rubutu, ta tsaya. Yaya ya haska fuskarta sau ɗaya da wata tocila. A hoton nan aka ga suna, aka ga mai rubutu. Shi Kawu ya aika wa Baba ta waya kafin ya hau mota da safe.

Mu gane dalili

Kyamara tana da ƴar ƙofa a ciki. Sai ƙofar ta buɗe haske yake shiga, hoto ya kamu. Da rana haske ya yi yawa, don haka ƙofar tana buɗewa ta rufe kafin ƙiftawar ido. Sau da yawa lokacin bai fi kashi ɗaya cikin 100 na sakan ba.

Cikin duhu ana iya barin ta a buɗe sakan 10 ko 20. Duk inda tocila ta bi, kyamara tana tara haskenta, kamar yadda alli yake barin layi a kan allo. Abin da haske bai taɓa ba, ba ya fitowa.

Idonmu ma yana riƙe haske, amma na ɗan lokaci ƙanƙane, wanda bai kai sakan ɗaya ba. Shi ya sa muke ganin zoben bakin wuta, kuma shi ya sa yake ɓacewa.

Ɗan tarihi

Da faransanci ana ce wa ɗaukar hoto « photographie ». Kalmar ta fito daga harshen Girka, ma'anarta rubutu da haske. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi daga tagar gidansa wajen shekarar 1826. Sai da haske ya yi aƙalla awa 8 yana shiga kafin hoton ya kamu.

A 1889, Étienne-Jules Marey da Georges Demenÿ sun ɗaura ƙananan ƙwayayen lantarki a gaɓoɓin wani mutum, suka sa shi tafiya cikin duhu. Layukan hasken suka nuna musu yadda jiki yake motsi.

A 1949, mai ɗaukar hoto Gjon Mili ya ziyarci babban mai zane Pablo Picasso a garin Vallauris, a kudancin Faransa. Picasso ya riƙe ƴar fitilar lantarki cikin ɗaki mai duhu, ya zana wata siffa cikin iska, rabi mutum rabi doki. Mujallar Life ta Amurka ta buga hotunan.

Mu riƙe

Rubutu da haske yana son abu uku: duhu, kyamarar da ba ta motsi, da ƙofar da ta daɗe a buɗe. Da tocila ake yin sa, ba da wuta ba.

Kalmomi

haske : la lumière
duhu : l'obscurité
tocila : la lampe torche
kyamara : l'appareil photo
ƙofar kyamara : l'obturateur
sakan : la seconde

Tambayoyi

1. Don me Kawu ya hana yara wasa da bakin wuta?
2. Me ya sa ɗigo ɗaya kaɗai ya fito a gwaji na farko?
3. Wane amfani turmi ya yi?
4. Don me yarinyar take rufe bakin tocila tsakanin haruffa?
5. Shekara nawa ke tsakanin aikin Marey da na Picasso?

Aiki

1. Rubuta sunanka da manyan haruffa. Juya takardar, ka ɗaga ta wajen haske. Waɗanne haruffa ne ba su sake kama ba?
2. Ku tsaya biyu-biyu kuna fuskantar juna. Ɗaya ya rubuta harafi cikin iska da yatsa, ɗaya ya faɗi abin da ya gani.