Ciwon Bayan da ke Tayar da Saurayi Cikin Dare: Me Hoton MRI Zai Nuna?

A Dandin Mahe da sauran garuruwan Shagari da Boɗinga, in saurayi ya koka da ciwon baya, sai a ce masa noma ne ko dako. Sau da yawa haka ne. Amma akwai wani ciwon da halinsa ya sha bamban: hutu ke tsananta shi, motsi ke sassauta shi. Yakan tayar da mutum a ƙarshen dare, da asuba ya ji ƙugunsa ya sandare, ruku'u ya gagara, sai an haura rabin awa ana motsa jiki kafin ya sake. In wannan ya wuce wata 3, kuma ya fara kafin shekara 45, to a binciki cutar sandarewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira ankilosin sipondilaitis.

Garkuwar jiki ce ke haddasa kumburi a mahaɗar ƙashin baya da kwankwaso. In aka bar shi shekara da shekaru, sabon ƙashi yakan tsiro ya haɗe gaɓoɓin, baya ya ƙage, mutum ya ranƙwafa har ya kasa waiwaye.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne hoton ƙashi na eksire. Za a ɗauka a ce ba a ga komai ba, alhali cutar na ci, domin sai ƙashi ya lalace yake bayyana a cikinsa, hakan kuwa kan ɗauki shekaru. Eksire toka yake nunawa, MRI kuwa garwashi. Na'urar na aiki da maganaɗisu, kuma akwai salon ɗauka da ake kira STIR, wanda ke dusashe kitse, ruwan kumburin da ke cikin ɓargo ya fito fari tas a gefen mahaɗar. Shi ya sa a 2009 ƙungiyar masana cutar ta duniya, ASAS, ta shigar da MRI cikin ƙa'idojin tantance ta.

Sai dai hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ana ganin irin wannan farin tabo a jikin macen da ta haihu kwanan nan, da masu yawan gudu. Ga kuma cututtukan da ke kwaikwayonta a ƙasarmu: tibin ƙashin baya, da cutar da ake ɗauka ta shan madarar da ba a tafasa ba, da sikila. Dole likita ya haɗa hoton da labarinka da gwajin jini na CRP. Gwajin gado na HLA-B27 ma yana taimakawa, amma HLA-B27 bai yawaita a jinin mutanen Afirka ta Yamma kamar na Turawa ba, don haka rashinsa bai wanke ka ba.

Ga shawarata. Ka fara da asibitin da ke kusa, ka faɗa wa likita lokacin da ciwon ke tashi da abin da ke kwantar da shi, ka nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. In an rubuta maka MRI, ka tabbata an ambaci mahaɗar kwankwaso, domin hoton gadon baya kawai yana iya tsallake wurin. Hoton na da tsada, kada a kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Ranar ɗauka ka cire zobe, agogo, makulli da laya, ka sanar da ma'aikatan in akwai ƙarfe ko na'urar zuciya a jikinka. Za ka kwanta cikin ƙara mai yawa, ba zafi, abin da ake so kawai kada ka motsa.

Ba kowace ziyara ake maimaita hoton ba. Amfaninsa ya fi fitowa a farkon bincike, da kuma lokacin da ciwo ya ƙi jin magani, likita na son sanin ko kumburin ne ke ci har yanzu ko tsohuwar ɓarna ce. Amsar ce ke nuna ko za a ci gaba da magungunan kumburi irin su naproxen, ko a koma ga allurai irin adalimumab, waɗanda sai an gwada tibi da ciwon hanta kafin a fara su.

Ina roƙonka da babbar murya, ka guji haɗe-haɗen kemis, musamman dexamethasone, domin yana raunana ƙashi. Kada ka bari mai ɗori ya murɗa ko ya taka maka baya, ƙashin da ya ƙage saurin karyewa gare shi. Ka bar taba, ka riƙa miƙe gaɓoɓi da tafiya kullum. In idonka ya yi ja da zafi yana ƙin haske, ka ga likitan ido ranar, domin cutar takan taɓa ido. Allah ya ƙara mana lafiya.