Kafin ka jefar da talabijin mai doro

Yawancin tsofaffin talabijin masu doro da ake kawo mini shago da sunan wai kwalba ta mutu, kwalbarsu lafiya lau take. Hoto ya dushe, ko fuskar mai karanta labarai ta koma koriya, sai mai ita ya yanke cewa kwananta ya ƙare. Idan na buɗe kuwa, sau da yawa abin bai wuce kafasita guda da ta bushe ba, ko dalmar da zafi ya tsaga a ƙafar wani ƙarfe. Shi ya sa nake so masu irin wannan akwati su san abin da za su iya yi da hannunsu, su kuma san inda ya wajaba su tsaya.

A wuyan kwalbar akwai bindigogi uku masu harba lantarki: ta ja, ta kore, da ta shuɗi. Harbin yana ratsa wani siririn farantin ƙarfe mai huji-huji kamar rariya kafin ya sauka a kan sinadarin da ke haskawa a bayan gilashi. Farantin nan yana kama maganaɗisu, kuma da ya kama, harbin ja sai ya faɗa gurbin shuɗi, ka ga tabo ya fito a kusurwa. Sifika tana da maganaɗisu, don haka duba ko akwai ta a gefen akwatin. Janye sifikar, ka zare filogi daga bango, ka bar akwatin ya huce kamar minti 30, sannan ka kunna. Wannan ƙarar "gum" da kake ji da farko, wata waya ce da aka zagaye bayan gilashi da ita take goge maganaɗisun, kuma ba ta aiki sosai sai akwatin ya yi sanyi. In ka maimaita tabon bai gushe ba, to ɗan abin da ke ba wa wayar wuta ne ya lalace, kuɗinsa kuma ba shi da yawa. Kada ka goga wani maganaɗisu a gilashin da nufin korar tabon, ƙara shi za ka yi.

In da dikoda kake kallo, haɗa ta da wayar nan mai kai ruwan ɗorawa, hoton ya fi fita tas fiye da ta ramin eriya. Idan hoto ya zo baƙi da fari, leƙa saitin dikodar. Najeriya tsarin PAL ta bi, Nijar SECAM, Amurka NTSC, kuma tsohon akwatin da ya san tsari ɗaya kawai ba zai ba ka launin wani ba. Masu Sony Trinitron, wadda ta fara fitowa a 1968, kan zo da ƙorafin wani siririn layi a kwance idan fari ya cika fuska. Inuwar wayar da ke riƙe da ragar ciki ce, haka aka ƙera ta.

Amma idan hoton gaba ɗaya ya tattare ya zama farin layi guda mai haske a tsakiya, kashe ta nan take. Duk harbin da ya kamata ya bazu a fuskar ya taru a wuri ɗaya, yana ƙona sinadarin, kuma wannan ƙuna ba ta da magani.

Iyakar aikin mai gida ke nan. Don Allah kada ka kwance murfin baya. Jar wayar nan mai kauri da ke maƙale a ƙugun kwalba da faifan roba tana ɗauke da wutar da kan kai bolt 25,000, kuma kwalbar tana riƙe caji bayan an kashe. Babbar kafasitar da ke kusa da shigar wuta ma tana iya ajiye sama da bolt 300. Mu kanmu sai mun sauke cajin kafin mu sa hannu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da wasu abokan sana'a ke yi. A jikin filaibak, wato abin da jar wayar nan ke fitowa daga cikinsa, akwai maɓallai biyu, ɗaya na kaifin hoto, ɗaya na hasken kwalba. An kawo akwati hoto ya yi duhu, sai mutum ya murɗa na hasken har ƙarshe, ya karɓi kuɗi. Mai kaya ya koma gida, baƙi ya zama ruwan toka, ga layuka a karkace sun cika fuska, ainihin cutar kuma tana nan. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙara wa zaren da ke ɗumama bindigogin wuta. Bolt 6.3 aka tsara masa. In aka naɗa waya aka ƙara, hoto zai yi kyau na ɗan lokaci, daga nan kwalbar ta mutu murus, alhali an daina ƙera sababbi. Gyara na gaskiya yana farawa da auna wutar da ke shiga kowane sashe, a canza kafasitocin da suka kumbura ko suka bushe, a sake lika dalma, a share ƙurar hunturu da ta daskare, sannan a daidaita ja, kore da shuɗi har fari ya fito fari fat. Ka tambayi mai gyaranka me ya canza, ya nuna maka tsohon.

Kwalbar da ta tsufa da gaske tana da alamunta: takan daɗe kafin hoto ya fito, launi kuma ya riƙa zarcewa gefen dama kamar an shafa. Ana iya farfaɗo da ita da na'ura, amma ba ya ɗorewa, kuma nakan faɗa wa mai ita haka tun kafin na taɓa. Rage ƙarfin hasken da rimot yana ƙara mata kwana.

In ta mutu ɗin, kada a bar yara su fasa ta don neman tagullar da ke wuyanta. Babu iska a cikinta, in ta fashe gilashi kan tarwatse da ƙarfi, kuma akwai dalma a gilashin. Kai ta wurin mai gyara, akwai sassan da za su tashi wani akwatin.