Yadda Ake Gwada Manhaja a Hannun Masu Amfani da Ita

A farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin kuɗi, ciniki a kasuwar IBB ta Suleja da ta Madalla ya koma kan waya ba shiri. Manhajoji irin su OPay da Moniepoint suka shiga hannun mahauta da masu tumatir. Wanda ya ƙera irin wannan manhaja ya haddace mazaunin kowane madanni, don haka ba ya iya hango inda baƙo zai ɓace. Sai ya miƙa ta ga wanda bai taɓa ganinta ba, ya zuba ido.

Da farko ka zaɓi aiki biyu ko uku, ka faɗe su da bakin kasuwa: "Alhaji, tura wa wannan asusu naira 5,000, ka tabbatar sun shiga." Kada ka ambaci sunan madannin, in ka yi haka ka ba da amsa. Sannan ka nemi mutum biyar, ka same su a rumfunansu, kowa da wayarsa, ko Tecno ce ko itel mai fasasshen gilashi, cikin rana da hayaniya da raunin sabis. Ofis mai sanyi a Abuja yana ɓoye waɗannan duka. Ka nemi yardarsu, ka ba su asusun gwaji, ka bayyana cewa manhajar ake jarrabawa, ba su ba. Ka roƙi kowa ya riƙa faɗin abin da yake tunani yana dannawa, kai kuma ka kama bakinka, wanda shi ne mafi wuya. Ka rubuta inda ya tsaya, inda ya koma baya, da kalmar da ta rikita shi. Kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, domin kara za ta sa ya ce madalla alhali yatsansa ya yi ta lalube. Ka gyara matsalar da ta fi maimaituwa, ka sake gwadawa da sababbin mutane.

Za a ce biyar sun yi kaɗan. Jakob Nielsen, bisa binciken da suka yi da Tom Landauer a 1993, ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja. Sai dai lissafin na masu kama da juna ne. Ma'aikacin da ke sammako daga Suleja zuwa Abuja da dattijuwar da ba ta karanta Turanci ba wuri ɗaya suke tuntuɓe ba, don haka kowane rukuni a ware masa nasa gwajin. Masu kukan tsada kuwa, su auna kuɗin data da ɗan goron mutum goma da asarar ɗan kasuwar da ya tura kuɗi asusun da ba shi ba, ya goge manhajar, ya kuma ba maƙwabtan rumfarsa labari.