Idan Jar Fitilar Mai Ta Kama a Boksi: Matakan Ceton Inji

A Khartoum da Omdurman, a-kori-kurar da ake kira boksi, wadda galibi Toyota Hilux ce, ita ce jakar gida. Ita ke kwaso kaya daga Suk Libya, ita ke bin titin Shiryan al-Shimal zuwa Dongola. Bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda tasa ta tsira daga wawaso ya san ba zai iya sayen wani inji ba. Shi ya sa jar fitilar nan mai kama da ƙaramar buta take tayar mini da hankali. Direbobi da yawa sun ɗauka cewa take yi mai ya ragu. Abin da take faɗa ya fi haka muni: baƙin mai ba ya isa cikin inji da ƙarfin da ake bukata, ƙarfe na gab da cin ƙarfe.

Mataki na farko, ka kashe mota. Ko a kan gadar Farin Nilu kake, ana ta matsa maka ham, ka gangara gefe ka murɗe makulli. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gareji. Wannan fitila ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa sosai, kuma mintoci kaɗan sun isa inji ya buga.

Na biyu, ka ba ta minti biyar a wuri mai shimfiɗe, ka zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Idan mai ya yi ƙasa da alama, ka cika, sannan ka duƙa ka nemi inda yake zuba: jikin filta, notin tukunyar mai, ko bayan inji wajen giya. Amma kada ka tsaya ga yawansa. Ka murza shi tsakanin yatsu, ka sansana. Idan ya tsinke kamar ruwa, yana warin dizal, har ya haura alamar sama, to nozul na tsiyaya cikin inji. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Idan ka ɗaga yatsa a rana ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, kada ka sake tayarwa, ka nemi janwe. Motocin da suka shekara biyu a kulle cikin gida lokacin yaƙi, da yawa da tsohon mansu aka tayar da su. In taka na cikinsu, ka juye shi ka canza filta kafin komai.

Na uku, ka tuna yadda fitilar ta kama, domin bakanike zai tambaye ka, kuma amsarka rabin aikin ce. Mai walƙiya idan ka taka birki ko ka sha kwana, yawanci ƙarancin mai ne. Wadda ke daɗewa ba ta mutu ba da safe, ka zargi filta, musamman jabu da suka cika kasuwa. Wadda ke kamawa a silo bayan inji ya ɗau zafi, ta mutu da ka taka totur, ko mai ya yi tsinkin da bai dace ba, ko metal sun ci. A watan Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, an fi ganin irin wannan. Wadda kuwa ke kamawa kana tsaka da gudu, sau da yawa rariyar da ke zuƙo mai daga tukunya ce ta toshe.

Na huɗu shi ne wanda na fi so ka riƙe, don a nan ake asarar kuɗi. Akwai ɗan maɓalli a jikin inji mai waya ɗaya, shi ke kunna fitilar. Yakan lalace, wayarsa ma takan goge ta taɓa jikin mota. Gwajin wayar ba wuya: ka buɗe makulli ba tare da ka tayar ba, ka cire ta daga maɓallin. Fitila ta mutu, waya lafiya lau. Ta ci gaba da ci, waya ce ke taɓa ƙarfe. Sai dai wannan bai gaya maka komai game da cikin inji ba. Don haka ka sa a kwance maɓallin, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa, a bar inji ya yi zafi sosai, sannan a karanta. A injin dizal na Hilux, ana son a ƙalla bar 0.3 a silo, da kimanin bar 2.5 ko fiye idan inji na juyi 3,000. In awo ya cika, sai ka sayi sabon maɓalli, kuɗinsa kaɗan ne. Duk bakaniken da ya ce maka "ai maɓalli ne kawai" bai ɗaura agogo ba, ko ya cire wayar ya naɗe ta don fitila ta daina damunka, ka ɗauke motarka daga gabansa. Haka ma wanda ya ce a sauke inji tun bai auna ba.

In awo ya gaza, na biyar shi ne a sauke tukunyar mai. Na taɓa tsayawa a unguwar masana'antu ta Omdurman ana buɗe ta wata boksi. Da yaron gareji ya ɗago rariyar, ba ka ganin ko huda ɗaya, baƙin dasƙararren abu ya liƙe ta kamar kwalta, sai da aka jiƙa ta a fetur aka kankare da burushin waya. Mai motar ya riga ya yi cinikin sabon famfon mai, ashe famfon bai yi laifin komai ba. A injinan Hilux na D-4D, musamman 1KD, an san tushen wannan: washar da ke ƙarƙashin nozul takan saki, hayaƙi ya riƙa shiga cikin mai yana dafa shi. In an wanke rariya ba a canza waɗannan washoshi ba, za ta sake toshewa.

In rariya ta fita tas, sai a duba famfon mai da ɗan bawul ɗinsa mai sifirin, wanda yakan maƙale a buɗe. Shi ma lafiya, to a buɗe metal. In sun karce ko jan ƙarfe ya bayyana, a auna kiranshaf kafin a sa sababbi.

Bayan an haɗa, a zuba man da littafin motar ya faɗa. Ga tsofaffin injinan dizal a wannan zafi, 15W-40 aka fi amfani da shi, kuma ka saya a rufe, kada ka karɓi na awo daga jarka. Kada ka yarda a zuba mai kauri ko wani sinadari don a rufe bakin fitila. A bar agogon a ɗaure, a tayar, a jira inji ya yi zafi, ka ga allurar da idonka kafin ka biya. Daga nan ka riƙa juye mai duk kilomita 5,000, kuma duk ranar da guguwar habub ta wuce, ka buɗe filtar iska ka kakkaɓe kafin ka fita.